Godiya ga garejin da ya gano ciwon motata a Garwa

Assalamu alaikum. Maigidan gareji na unguwar Yalwa, da yaranka baki ɗaya, ina gaishe ku da aiki. Na yi muku godiya baki da baki ranar da na karɓi mota, amma raina bai kwanta ba sai na rubuta a inda jama'a za su gani. Yabon gwani ya zama dole.

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2003, 'yar Turai, da ita nake zirga-zirga tsakanin Garwa da Ngaundere a ƙasar Kamaru. Tun tsakiyar hunturu fitilar nan mai ruwan ɗorawa da siffar inji ta kama a gaban sitiyari, ta ƙi mutuwa. In mota ta tsaya a sulo sai ta riƙa karkarwa, in na taka totur sai ta yi nawa kafin ta amsa. Ranar da na tsorata ita ce ranar da ta kusa gaza hawan dutsen nan na kusa da Ngaundere, ga iyalina a ciki, ga babbar mota a bayana.

Wuri biyu na je kafin in zo gare ku. Na farko ya cire kan batir, fitila ta mutu, bayan kwana biyu ta dawo. Na biyu ya canza fulogi huɗu, ya ɗora laifi a kan fetur ɗin zuwa-zuwa da ake sayarwa a bakin hanya, daga ƙarshe ya ce in yarda ya cire ƙwan fitilar in huta. Wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai, domin kashe fitila ba ya kashe ciwo.

Ku kuwa, Maigida, ba ku taɓa ko sifana ba sai da kuka zaunar da ni kuka yi tambayoyi. Yaushe ta fara? Fitilar a tsaye take ko tana ƙyaftawa? A nan na koyi cewa mai ƙyaftawa ta fi haɗari, alama ce inji na tsallake wuta, kuma ɗanyen mai na iya ƙona tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Tawa a tsaye take. Sai yaronka ya jona na'urar bincike, wadda kuke kira baliz, a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Lamba ta fito: P0171. Ka fassara mini da Hausa, ka ce iska ta yi wa mai yawa a cikin inji.

Abin da ya sa na rubuta wasiƙar nan shi ne abin da ya biyo baya. Wani yaro ya ce a canza sansar da ke jikin salansa, mai auna iskar oksijin, tunda ita ta kai ƙara. Ka ce a'a, lamba tana faɗin ciwo ne, ba ta faɗin mai laifi. Kuka duba ta, tana hawa da sauka tsakanin bolt 0.1 da 0.9 yadda ya kamata, ashe gaskiya take faɗa. Kuka bi tiyo-tiyon iska ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda ya tsage, babu. Kuka auna ƙarfin famfon mai, lafiya lau. Sai da aka buɗe akwatin matatar iska aka ga ta yage a gefe, ƙurar hunturu ta daɗe tana wucewa tana lulluɓe siririyar wayar sansar da ke auna iska mai shiga inji. Shi ya sa sansar take faɗa wa kwamfutar mota iska kaɗan ce, kwamfuta kuma tana ba da mai kaɗan.

Ko a nan ba ku yi gaggawar sa ni sayen sabuwar sansa ba. Kun fesa mata maganin wanki, aka gwada, sauƙin kaɗan ne. Kuka aro lafiyayya daga wata Corolla da ke garejin, da izinin mai ita, nan take karkarwa ta tsaya. Sannan ne ka ce in saya, ka kuma aiki yaro ya raka ni kasuwar kayan gyara don kada a ba ni jabu. Tsohuwar ma a leda kuka miƙo mini.

Yinin nan guda, ana zafin Garwa na watan Afrilu, kuka shimfiɗa mini tabarma a inuwar dogon yaro, muka yi azahar da la'asar tare. Kuɗin aiki kuwa, abin da ka faɗa da safe shi ka karɓa da yamma, ko sefa biyar ba ta ƙaru ba.

Yau wata biyu ke nan. Na je Ngaundere sau shida, na je Marwa sau biyu, fitila ba ta sake kamawa ba. Ina buɗe matatar iska duk ranar Juma'a kamar yadda ka umarce ni. Allah ya saka muku da alheri, ya sa yaran nan su gaji hannunka da amanarka. Mako mai zuwa zan turo ƙanena da tasa motar, ita ma fitilarta ta kama.

Naku,
Wani direba daga Garwa