Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Manoman Koren Wake, Kano

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, ranku ya daɗe. 'Yan uwa maza da mata, barkanmu da ganin ƙarshen shekara.

Tarurrukan wata-wata sun gudana a inda muka saba, ban da na watan azumi da aka ɗage.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne ranar gona da muka yi a gonar gwaji ta hanyar Kura. Kun san gardamar da ta daɗe a tsakaninmu: wasu na cewa waken mung, wato koren wake, ba ya bukatar taki tunda dangin wake ne, wasu kuma na zuba masa yuriya kamar masara. Sai muka raba gonar gida uku. Kashi na farko ba a sa masa komai ba, na biyu aka ba shi yuriya, na uku kuma aka watsa masa ruɓaɓɓen takin gida kafin huɗa, aka sa takin sufa lokacin shuka, da ɗan takin kamfa, wato NPK, kaɗan don ya tashi.

Duk wanda ya zo ya gani da idonsa. Kashin yuriya ya yi ganye shar, har masu wucewa na tsayawa kallo, amma da aka ɗaga ganyen, kwanson bai taka kara ya karya ba. Na uku kuwa 'ya'ya ne cunkus. Wani dattijonmu, Allah ya ƙara masa lafiya, ya tuge shuka ɗaya ya nuna mana ƙullutan da ke jikin saiwa, ya fasa guda da farce, sai ga cikinsa ja-ja. Wannan jan shi ne alamar ƙwayoyin halittar da ke ciki suna aikinsu na samar wa shuka naitirojin daga iska. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, in ka cika ta sai ƙullutan su ragu, ka biya kuɗin abin da Allah ya ba ka kyauta. Abin da jigawarmu ke ƙarancinsa shi ne fosfaras, kuma sufa ce ke bayar da shi, shi ke ƙarfafa saiwa da fure. Ga amfani da ke nuna cikin kwana 60 zuwa 75, ga harawa ta dabbobi. Da muka buga lissafi a gaban kowa, kashi na uku ne ya fi barin riba bayan an cire kuɗin taki da ƙwadago. Iyayenmu mata suka rufe taron da ƙosai da dafa-duka na koren wake, waɗanda ba su taɓa ci ba har neman ƙari suka yi. Allah ya saka musu da alheri.

Yanzu ga abin da ba a yi ba, kuma ina roƙon a saurara kafin a zargi shugabanni. Sayen sufa a dunƙule bai yiwu ba saboda lokacin da ya kamata a biya, waɗanda suka kawo kuɗin wata ba su kai rabinmu ba. Kafin a tattara ragowar, farashi ya tashi, kuɗin mota ma tun cire tallafin mai a 2023 bai sauko ba. Da me za mu saya? Gwajin ƙasa da buhunan PICS na ajiya, waɗanda ba sa barin iska ta shiga don hana ƙwari, duk wannan dalilin ne ya tsayar da su. Shi ya sa muka sayar da amfanin gonar gwaji da wuri a kasuwar Dawanau, don gudun ƙwari, alhali masu sayen koren wake ba su da yawa kamar na farin wake, kuma mai kaya da yawa suka fi saurara.

Tsinka ta biyu ita ta fi ƙona mini rai. Kowa ya san waken nan ba ya nuna lokaci ɗaya, kuma in ya bushe aka bar shi fashewa yake yi. Waɗanda aka rubuta sunayensu ba su zo ba, ba su aiko ba, wake ya zube a ƙasa. Wasu daga cikinsu ne kuma kan gaba wajen tambaya a WhatsApp ko an samo tallafi. Ni ma ina da gona da iyali, na gaji da bin mutane gida-gida daga Fagge zuwa Gwale.

Littafin kuɗi yana wurin ma'aji ga mai son dubawa. Duk wanda bai biya bashinsa kafin taro na gaba ba, sunansa ba zai shiga jerin masu karɓar iri da sufa na damina mai zuwa ba.

Sakataren ƙungiya