A daina ɗora wa haƙori laifin zawo

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wata kalma da ta zauna daram a bakinmu mata: "ai haƙori ne."

Watan jiya jikata, 'yar wata bakwai, ta kwana uku tana zawo da zazzaɓi. Da na isa gidan na tarar an rataya mata laya, uwar kuma ta ɓare kafso ɗin nan ja da yalo, ta kwaɓa a cokali tana ɗura mata. Maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, kukan ma babu hawaye. Na ce a ɗauko zanen goyo mu tafi asibiti, sai uwar mijin ta ce, "Haba Hajiya, yaushe aka fara kai haƙori asibiti? Da ya tsago zai tsaya." Kunya na ajiye gefe na saɓi yarinya. Kwana biyu tana shan ƙarin ruwa kafin ta kama nono.

Haƙorin fari kan tsago ne wajen wata shida, kuma ba sa cika 20 sai yaro ya doshi shekara uku. Ke nan duk maleriyar da ta kama yaro a tsakanin nan tana da wurin ɓuya. Abin da haƙori ke kawowa bai wuce dalalar miyau, ƙaiƙayin dasashi da rigima ba. Zawon kuwa, lokacin ne yaro ke fara rarrafe, ya tsinci takalmi ya kai baki, ana ba shi koko da ruwan randa, kariyar da ya gado daga jikin uwa kuma tana ja baya. Maganinsa ruwan gishiri da suga, wato ORS, da ƙwayar zinc, da ci gaba da shayarwa. In da zazzaɓi, a je a auna jini.

Kafson nan, tetracycline, ba na jarirai ba ne, ba na mai ciki ba ne. Yana rina haƙoran da ke cikin dasashi tun ba su fito ba, rinin da buroshi ba ya fitarwa. Mu 'yan Zariya kuma ba mu manta da 2008 ba, lokacin da maganin haƙori na My Pikin, wanda gubar diethylene glycol ta gurɓata, ya lalata ƙodar yara. Yara 84 suka rasu a faɗin Najeriya, wasunsu a asibitin koyarwa na ABU. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta kwashe shi daga kasuwa, amma ɗabi'ar zuwa kemis neman "maganin haƙori" tana nan.

Su ma masu awon ciki ina da ƙorafi a kansu. Haihuwata shida, an auna min jini, an ɗora ni a sikeli, amma ko sau ɗaya ba wadda ta ce min buɗe bakinki. Alhali ciki na kumbura dasashi har ya riƙa jini, aman laulayi kuma na cinye haƙori. Da an gaya min in kurkure da ruwa bayan amai, in ɗan jinkirta kafin goge baki, kuma mai ciki na iya ganin likitan haƙori, da turamena biyu suna nan. Mu an ce mana kowane ciki da haƙorinsa yake tafiya, muka yarda.

Su kuma haƙoran yara ana cewa ai za a yi famfara, a bar su. Waɗanda suka ruɓe sukan hana yaro ci da barci, ruɓar kuma takan taɓa na dindindin da ke ƙasa. Tsumma mai tsabta ya isa goge dasashin jariri. Da haƙori ya fito, buroshi mai laushi da makilin kamar ƙwayar shinkafa, safe da dare, kuma kada yaro ya kwana da fidar shayi a baki. Wanda ya san asibitin cutar noma, mai cinye naman baki da fuska, da ke Sakkwato ya san inda gyambon dasashi ke kai yaron da yunwa ta rame.

Roƙona, Edita, ku samo likitan haƙori ya riƙa amsa tambayoyi a shafinku na lafiya, da Hausar da kakanni za su gane, don su ne ke yanke hukunci a ɗakin mai jego.

Wata kaka,
Tudun Wada, Zariya