Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Tsara Ƙasa Na Jihar Victoria, Ostireliya

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A 2023 gwamnatinku ta yi alkawarin gina gidaje 800,000 cikin shekara goma, kuma kowa ya san ana buƙatarsu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsoron kada a cika alkawarin nan ta hanyar sassauta dokokin gini a bakin daji da ke kare mutane daga gobarar daji, dokokin da sai da aka yi asarar rayuka kafin a same su.

Gobarar Janairun 1939 ta kashe mutum 71. Binciken alƙali Stretton ya biyo baya, aka kafa hukumar kashe gobara ta karkara a 1945, amma hankali duk yana kan kashe wuta, ba a cika tambayar inda ya dace a kafa gida ba. A 1983 jihar nan ta sake binne mutum 47. Sai a 1997 aka shigo da tsarin shata yankunan haɗari a taswira, shi ma aka bar wa ƙananan hukumomi, wasu suka yi, wasu suka yi ta jan ƙafa.

Ranar 7 ga Fabrairun 2009 ce ta tona asirin wannan sakaci. Mutum 173 suka rasu, gidaje fiye da 2,000 suka ƙone, garuruwan Marysville da Kinglake suka koma toka. Daga nan aka ɗaure ƙa'idar gini, aka kasa filaye mataki shida gwargwadon zafin da gida zai fuskanta. A 2011 sabon tsari ya wajabta share fili kewaye da gida, tankin ruwa, da hanyar da motar kashe gobara za ta shiga. Shekara uku kacal, masu filaye suka koka cewa an hana su gini, a 2014 aka sassauta. Kukansu abin ji ne, ban raina shi ba, amma dajin bai rage haɗari ba a shekarun nan uku. Na yaba da gyaran 2017 da ya ɗora ran ɗan Adam sama da kowane lissafi. Don Allah a riƙe shi da hannu biyu.

Babban giɓin da ya rage shi ne tsofaffin gidaje, domin dokokin nan sabon gini suke kamawa. Galibi tartsatsi ne ke cin gida, iska ta kwaso shi daga nesa, ya faɗa indararon da ya cika da busasshen ganyen bishiyar turare, ko ya kurɗa ta ƙarƙashin kwano, tun wutar ba ta iso ba. Ragar ƙarfe a taga da toshe kafofi suna tare da yawa daga ciki, sai dai ɗan fansho ba shi da kuɗin, ɗan haya kuma ba shi da ikon taɓa gidan.

Roƙona, ranku ya daɗe, a ware tallafi na dindindin don gyaran irin waɗannan gidaje, a kuma ɗora wa masu ba da haya nauyin yin sa. Kwamitin alƙali Teague, wanda ya binciki gobarar 2009, ya ba da shawarar gwamnati ta sayi filaye mafi haɗari daga wanda ya yarda ya tashi. An yi shirin dalar Ostireliya miliyan 50, aka taƙaita shi ga waɗanda wutar 2009 ta ƙone wa gida, aka rufe. A sake buɗe shi ga waɗanda gidajensu ke tsaye har yanzu.

Naku da girmamawa,
Wani mazaunin Victoria