A daina jefa laptop a jaka tana kunne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah ka ɗan ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da ɗalibai da ƴan ofis masu son laptop ɗinsu ta ci gaba da aiki bayan sun rufe murfinta. Gyaran kwamfuta ne sana'ata, kuma tambayar nan ana yawan kawo min ita, musamman masu sayen datar dare su bar abu yana sauka su tafi su kwanta, da masu jona ta da babban allo ko talabijin.

Abin ba wuya. Akwai ɗan maganaɗisu a jikin murfin, shi ne yake sanar da ita an rufe, sai ta yi barci. A Windows 10 ko 11 ka buɗe Control Panel, ka shiga Power Options, a gefen hagu za ka ga Choose what closing the lid does, to a nan sai ka zaɓi Do nothing. Kar ka manta da ɗayan saitin na lokacin barci, in ba ka mai da shi Never ba, za ta yi barcinta bayan ƴan mintoci ko da ka gyara na murfin, gari ya waye ka tarar abin ya tsaya a rabi data kuma ta wuce. Masu MacBook nasu daban ne, yawanci sai an jona caja da allo na waje da kibod ko maus.

Inda gizo ke saƙar shi ne saitin murfin nan na Windows gida biyu ne, akwai na batir akwai na lokacin da take kan caji, mutanenmu kuwa sai su danna Do nothing a duka biyun saboda gaggawa. Washegari mutum ya rufe ta a aji ko ofis ya cusa a jaka ya hau adaidaita, ita kuwa tana can ciki tana aiki fanka na ta juyi ba inda iska za ta fita, a wannan zafin namu na Afrilu da yake haura digiri 40. Wlh akwai wadda aka kawo min batirin ya kumbura har ya ɗaga wajen da ake goga yatsa, murfin ƙasa ya buɗe baki, mai ita yana ta cewa ai jabu aka sayar masa. Batirin lithium ba ya shiri da zafi ko kaɗan, in ya kumbura kuma babu gyara sai canji, kada ma wani ya ce zai huda shi.

Ni dai shawarata a canza na caji kawai, a bar na batir a kan Sleep yadda yake. In za a bar ta cikin dare a ɗora ta kan tebur ko benci, banda katifa da darduma da filo don suna toshe mata ramukan iska, wasu ma ta wajen mahaɗar murfin suke fitar da zafi. In kuma da safe za a fita da ita a buɗe a kashe ta gaba ɗaya, a jira fankar ta yi shiru kafin a zuge zif ɗin jaka.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani mai gyaran kwamfuta, Zariya