Barka da Sallah, ga bayanin masaukinku a gindin duwatsun Colorado

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Baba da Umma, barkanku da Sallah. Allah Ya karɓi layyarmu, Ya maimaita mana ta baɗi cikin rai da lafiya. Ina gaida Yaya da iyalinsa, da Gwaggo ta Tudun Wada, da Auta wadda na san ita za ta karanta muku wannan takarda. Mu a nan duk lafiya lau. Mun yi idi tare da jama'ar masallacin Abubakar na titin Parker, kuma da yake kun riga mu da awa 7, lokacin da muke saukowa ku har kun yi la'asar, an feɗe rago an rataye.

Tun da maganar rago ta zo, Umma, don Allah kada ki ware mana soyayyen naman Sallah da niyyar tahowa da shi a watan Agusta. 'Yan kwastan ɗin Amurka ba sa barin nama daga Najeriya ya shigo, soyayye ne ko busasshe, har da kilishi da dambun nama, saboda tsoron cututtukan dabbobi. Ko dunƙulen magi mai ɗanɗanon kaza suna iya karɓewa. Kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa galibi suna wucewa, muddin an faɗa musu da su tun kafin su tambaya sau biyu. Wanda ya faɗa aka ce kayansa ba su halatta ba, kayan kawai zai rasa. Wanda ya ɓoye aka gano, tarar ɗaruruwan daloli ce. Naman nan a raba wa yara da maƙwabta, ladan ya ishe mu.

Na kama muku ɗaki a wani otal da ke Lakewood, unguwar da ke yamma da birnin Denver, dab da garin Golden inda tudu ke fara tashi. Gidanmu a hawa na uku yake kuma babu lif, gwiwar Baba ba za ta ɗauki hawa da sauka kullum ba. Otal ɗin matsakaici ne, ba na alfarma ba, amma tsaf yake. Daga filin jirgin sama zuwa can ya haura kilomita 50, kusan awa guda in akwai cunkoso, kuma ni zan ɗauko ku. Ana ba da ɗaki daga ƙarfe 3 na yamma, ana sakinsa ƙarfe 11 na safe. Katin bankina ne a kansa, don bayan kuɗin ɗaki da harajin da ake ɗorawa a kai, suna riƙe wani abu a kati a matsayin jingina, kuma in katin banki na gida ne sakin kuɗin yana iya ɗaukar kwanaki. Saboda haka in ma'aikacin kanta ya nemi kati, a kira ni.

Na roƙi ɗaki a ƙasa, wanda su suke ƙirga shi a matsayin hawa na 1, mai manyan gadaje biyu, mai ƙarfen dafawa a banɗaki, kuma wanda ba a kwana da kare a ciki, domin otal da yawa a nan suna ware ɗakuna ga masu tafiya da karnukansu. Mabuɗin kati ne. Ƙofar tana kulle kanta da zarar ta rufu, don haka ko leƙen waje za a yi a fita da katin a aljihu. In an manta, a je kanta za su ba da wani. A wayar ɗaki, 0 ita ce kanta, 911 kuma ta gaggawa ce.

Abin da na fi so ku riƙe da kyau shi ne banɗaki. Ƙasansa ba shi da magudanar ruwa ko ɗaya. Ruwan da ya zuba a ƙasa babu inda za shi sai ƙarƙashin ƙofa, ya jiƙa kafet, in a bene ne ya ɗiga wa na ƙasa, kuma kuɗin gyaran a kan mai ɗaki yake. Alwala a bakin famfon wanke hannu za a yi ta, idan aka zo ƙafa a zauna a gefen kwamin wanka a zura ƙafafu ciki. Wajen wanka, gindin labulen roba ya kasance a cikin kwamin, ba a waje ba, a kuma shimfiɗa ƙaramin tawul mai kauri a ƙasa don santsi. Hannun famfon wanka guda ɗaya ne: farkon murɗawa ruwan sanyi, in aka ci gaba ya koma na zafi, kuma zafin yana iya ƙona fata, sai a gwada da bayan hannu kafin a shiga. Babu tiyo a gefen masai, takarda kawai suke ajiyewa. Na sayi butoci biyu zan kai ɗakin kafin ku iso. A yi tsarki a kan masan daidai, kuma kada a jefa komai a ciki sai takardar bayin, domin bututunsu ƙanana ne, tsumma ko audugar goge jiki na toshe su nan take. Ruwan famfon mai sanyi na sha ne, ba a buƙatar sayen na roba.

Sai maganar wuta. Umma, na san ɗaki ba ya zama naki sai ya sha turare, amma kasko da garwashi su zauna a Kaduna, har da kaskon lantarki. A silin akwai wani farin faifai mai shinshinar hayaƙi. Yana jin hayaƙi zai ɗauki ƙara, in hayaƙin ya kai baranda ƙararrawar ginin gaba ɗaya ta tashi, a fitar da kowa waje, 'yan kwana-kwana su zo. Ko ƙararrawa ba ta tashi ba, masu shara suna jin ƙamshin a labule su rubuta cewa an sha taba a ɗakin, tarar kuma takan kai dala 250. Humra da turaren fesawa babu laifi, ki zo da su a babbar jaka a naɗe cikin leda. Akwai kuma wani ɗan kan ƙarfe da ya leƙo daga bango ko silin, mai siririyar kwalba da jan ruwa a ciki. Na kashe gobara ne. Kwalbar tana fashewa in zafi ya kai digiri 68, amma nauyin maratayin kaya ma yana fasa ta, kuma in ta fashe ruwa ba zai tsaya ba sai an rufe shi daga babban bututu. Baba, babbar riga a rataye ta a cikin kabad.

Wutar lantarkinsu mai ƙarfin 120 ce, tamu 230, soket ɗin ma daban. Cajar waya in an duba jikinta aka ga an rubuta 100 zuwa 240, za ta yi aiki da adafta, ina da guda uku. Butar dafa ruwa ta gida kuwa ƙarfinta zai koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sai a gaji da jira ruwa bai tafasa ba, don haka kada a ɗauko ta. Ɗakin yana da dutsen guga, da ƙaramin firiji, da na'urar ɗumama abinci, wadda ba a sa mata kwanon ƙarfe ko cokali domin tartsatsi take yi. Na'urar sanyaya ɗaki tana ƙarƙashin taga, lambobinta ba irin namu ba ne: 72 a jikinta shi ne 22 a lissafinmu. A bar ta a nan.

Karin kumallo yana cikin kuɗin ɗaki, daga wajen ƙarfe 6 zuwa 9 da rabi, kowa ya ɗiba da kansa. Naman da ke cikin farantan ɗumi, zagayayye ko dogo ko siraran yanka, a ɗauka na alade ne. A duba cokalin ɗiban ƙwai ma, kada ya zama an tsoma shi a can. Dafaffen ƙwai da burodi da ayaba da madara da kunun hatsinsu duk sun wadatar. Abincin rana da na dare daga gida za mu riƙa kawowa, naman halal kuma muna samunsa a shagunan Aurora.

Alƙibla za ta ba ku mamaki. Daga nan tana wajen digiri 35 daga arewa, wato ta fi kusa da arewa a kan gabas. Duwatsun suna yamma kullum, don haka a ba su baya, sannan a karkata hagu fiye da rabin hanya zuwa arewa. Auta ta tabbatar da wayarta, ta aje alama a ƙasa. A farkon Agusta magariba tana kai wa ƙarfe 8, isha'i ta wuce 9. Kiran gida ya fi dacewa bayan asuba, lokacin ku a can azahar ta kusa. Bangon ɗakunan na allo ne, murya tana ratsawa, shi ya sa bayan ƙarfe 10 na dare ake rage sauti.

Yanzu tsayin wurin, wanda shi ne dalilin da ya sa na tsawaita. Kaduna tana kusan mita 600 sama da teku, Jos kusan 1,200, Denver kuwa mita 1,609, Golden ta ɗan fi haka. A wannan tsayi, kowane numfashi yana kawo iskar da jiki ke buƙata ƙasa da ta bakin teku da kusan kashi 17 cikin 100. Mai lafiya zai ji haki in ya yi sauri, da ɗan ciwon kai, da barcin da ke yankewa, sannan jiki ya saba cikin kwana biyu ko uku. Saboda haka kwana biyun farko babu yawo. Hutu ne da shan ruwa da 'yar tafiya a fili. Iskar a bushe take kamar tsakiyar hunturu: leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, wani ya yi haɓo da asuba. Man kaɗe da basilin suna maganin wannan, a ɗan shafa har cikin hanci kafin barci. Ranar kuma tana da kaifi ko da iska na kaɗawa, a riƙe hula da laima. Robar man shafawa da aka rufe a Kaduna za ta kumbura, a buɗe ta a hankali baki na kallon sama. Ruwa ma yana tafasa ne a wajen digiri 95, shi ya sa shinkafa da wake ke jinkirin nuna a nan, kada Umma ta zargi tukunyar surukarta.

Kafin ku taso ina roƙon abu biyu. Baba ya ga likitansa ya gaya masa tsayin wurin da lamba, ya zo da maganin hawan jini da zai ishe shi har ya koma da ƙari, a cikin kwalayensu na asali tare da takardar likita, domin a nan ba a sayar da shi sai da rubutun likitansu. Na biyu, ku ukun duka a yi gwajin sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato ya gaji sikila ta gefe ɗaya kawai, da yawa ba su ma sani ba tunda ba ya damunsu. Akasarin masu AS suna zuwa nan su koma lafiya, amma tsayi in ya haɗu da wahalar jiki da ƙishirwa yana iya toshe jinin saifa. A 2007 wani ɗan ƙwallon Amurka mai suna Ryan Clark, wanda yake AS, ya buga wasa a Denver, aka ƙare da cire masa saifa da matsarmama. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma wannan asibiti ake zuwa kai tsaye. Ciwon kan tsayi ba ya zuwa da zazzaɓi. In jiki ya yi zafi, tunda daga damina kuka fito, zazzaɓin cizon sauro za a fara zargi, kuma dole a gaya wa likita daga Najeriya aka zo, don ba cuta ce da suke gani kullum ba. Inshorar lafiyar tafiya ni zan yanka muku.

In jiki ya saba, za mu fara da bakin rafin Clear Creek a cikin Golden, hanya ce shimfiɗaɗɗiya mai kujerun hutawa, sai dai ruwan daga narkakkiyar ƙanƙarar duwatsu yake gangarowa, sanyi ƙarara ga gudu, Auta kada ta tsoma ƙafa. Washegari Red Rocks, dandalin da aka gina a tsakanin jajayen duwatsu aka buɗe a 1941. Matakalarsa suna da yawa, don haka ta ƙofar sama za mu shiga Baba ya kalla daga can. Daga nan sai Lookout Mountain, wajen mita 2,250, inda ake hango birnin duka daga cikin mota. Abin da ya wuce wannan sai mun ga sakamakon gwaji da yadda Baba yake ji. Babbar hanyar I-70 tana ratsa ramin Eisenhower a mita 3,400, alhali Chappal Waddi na Taraba, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. A can sama zafi yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000, kuma a watan Agusta hadari yana haɗuwa bayan azahar da tsawa da ƙanƙara, don haka sammako ake yi a sauko kafin rana ta karkata. Kowa ya zo da rigar sanyi guda ɗaya da takalmi mai rufe ƙafa.

Auta, ki ɗauki hoton shafin farko na fasfo ɗin kowa da sakamakon gwajin ki turo mini cikin makon nan, da sunayen magungunan Baba yadda suke a jikin kwali. Barka da Sallar yara na tura wa Yaya, a ba 'ya'yan Gwaggo nasu. Surukarku tana gaishe ku da kyau, ta ce a gaida mutanen layi da liman. A sa mu a addu'a, Allah Ya kawo ku lafiya.

Wassalam,
Ɗanku.