Sanarwa kan kwaɗin nan masu dafi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun da aka turo hoton shuɗin kwaɗon nan shekaranjiya ake ta kirana, wai a ina ake samu. Bari in amsa gaba ɗaya.

Asalinsu dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, irin su Kolombiya da Brazil. A Kolombiya ne ƴan ƙabilar Embera ke goga tsinin kibiyar busawa a bayan kwaɗo mai ruwan zinariya don ta ɗauki dafinsa. Dafin daga abincin daji yake zuwa, tururuwa da ƙananan ƙwari, shi ya sa wanda aka haifa a akwatin gilashi ba ya da shi.

Matsalarmu wajen kiwonsu a nan yanayi ce. Suna son digiri 22 zuwa 26, da laima kashi 80 cikin ɗari ko fiye. To ku tuna hunturun Kaduna, lokacin da leɓe ke tsagewa, ga zafin Maris da Afrilu, ga wuta ta ɗauke da tsakar rana. Kwaɗon da bai wuce babban yatsa ba, yini ɗaya ya isa ya kashe shi. Abincinsu ma rayayyun ƙananan ƙudaje ne da za ka riƙa kiwo da kanka, kana barbaɗa musu garin kalsiyam.

Haihuwarsu kam abin sha'awa ce: a kan ganye ake ƙwai, in sun ƙyanƙyashe, a yawancinsu, uban ya goya su zuwa ruwa.

Cinikinsu tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin dabbobin daji da tsirrai, sai da takardar izini. Don Allah kada kowa ya turo tallar su nan babu ita, zan goge.