Wasiƙa Kan Famfon Da Ya Ƙi Ɗago Ruwa

Aminina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, wasiƙarka ta iso. Ka ce ruwan rijiyarka yana mita 12 daga baki, ka girka famfo a sama, injin yana ta ruri amma ko ɗigo bai fito ba, har kana shirin sayen wanda ya fi shi ƙarfi. Don Allah ka dakata da sayen. Ko injin da ya ninka shi goma ka kawo, in dai a bakin rijiyar zai zauna, ruwan ba zai hau ba.

Muna cewa famfo yana jan ruwa, amma a gaskiya ba ja yake yi ba. Aikinsa kawai rage matsin da ke cikin bututu, sai iskar da ke danne da fuskar ruwan rijiyar ta tunkuɗo shi sama. Iska tana da nauyi. A daidai gaɓar teku tana danna kowane abu da matsin paskal 101,325, wato kamar an ɗora kilo ɗaya a kan fili mai faɗin farcen yatsa. Ƙarfin da kake da shi ke nan, kuma ba injin da zai ƙara maka shi.

Sai batun dansiti, wato nauyin da ke cikin wani ƙayyadadden girma na abu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka mita kubik ɗaya, wato lita 1,000, kilo 1,000 ne. Mita kubik na iska kuwa bai wuce kilo 1.2 ba. Matsin da ruwa ke yi a ƙasan bututu a tsaye shi ne dansiti sau 9.8 (adadin ƙarfin jan ƙasa) sau tsayi. Ka lissafa: 1,000 sau 9.8 sau mita 10.3 zai ba ka kusan paskal 101,000. A nan nauyin ruwan ya yi kunnen doki da matsin iska, hawa ya ƙare. Masanin kimiyya Torricelli ya nuna haka a Italiya a 1643, da zaiba a madadin ruwa. Zaiba ta ninka ruwa nauyi sau 13.6, shi ya sa tata ta tsaya a milimita 760 kacal a cikin bututun gilashi.

Wannan mita 10.3 ɗin ma a takarda take. A aikace da wuya famfo ya wuce mita 7 zuwa 8, saboda ruwa na gogar bangon bututu, kowace kwana tana cin nata kason, kuma ba famfon da ke kwashe iska kakaf. In wurin tudu ne, iskar ta fi sauƙi: kowace mita 1,000 sama da teku tana rage maka kamar mita ɗaya. Kuma awon da za ka yi, tsayi ne a miƙe daga famfo zuwa fuskar ruwa lokacin da injin ke aiki, domin ruwan rijiya yakan sauka in ana ɗiba. Tsawon bututun da ka kwantar a ƙasa ba ya cikin wannan lissafi, sai dai gogar da yake jawowa.

Mafita biyu ce. Ko ka saukar da famfon a kan dakali cikin rijiyar har ya zama bai fi mita 6 daga ruwa ba, ko ka sa irin wanda ake nutsarwa cikin ruwan. Ni na biyun na fi so. Shi turowa yake yi daga ƙasa, kuma turi ba ruwansa da iyakar matsin iska. In ka zaɓi na farkon, kada ka kuskura ka sa injin fetur a ƙasan rijiya, hayaƙinsa yana kashe mutum ba tare da ya ankara ba. Na lantarki za ka nema.

Akwai wani abu da ke ba mutane wahala ko da rijiyar ba ta da zurfi, wato iska a cikin bututun tsotso. Masanin kimiyya Robert Boyle ya bayyana a 1662 cewa in zafi bai canza ba, gas yana ninka girma idan matsinsa ya ragu da rabi. Ɗauki sirinji mai mililita 20 ba allura, ka toshe bakinsa da yatsa, ka danna har 10. Turjiyar da za ka ji, matsi ne da ya ninka. A bututun famfo akasin haka ke faruwa: a tsayin mita 5 matsin ya koma kusan rabi, sai ɗan kumfan da ya sato hanya ta mahaɗa ya kumbura ninki biyu, ya taru a bakin farfelar da ke juyawa cikin famfon, ruwa ya yanke. Irin wannan huda ba ta yoyo, shaƙar iska take yi, don haka ido ba ya ganinta. Ka naɗe zaren kowace mahaɗa da tef, ka sa bawul a ƙarshen bututu don kada ruwa ya koma, ka cika famfon da ruwa taf kafin ka kunna, kuma bututun ya riƙa hawa zuwa famfo ba tare da doro ba.

In ka ji injin na ƙara kamar yana niƙa tsakuwa, kashe shi. Matsi ne ya faɗi har ruwa ya fara tafasa ba wuta, kumfan tururin na fashewa a jikin farfela suna cin ƙarfen. Ruwa mai ɗumi ya fi saurin yin haka: a digiri 60 kana asarar kusan mita 2 na tsotso.

Ka auno mini zurfin ruwan bayan an ɗiba na awa guda, da faɗin bututunka, da tsayin tankin daga ƙasa, sai in lissafa maka girman famfon da ya dace. A gaida mutanen gida.

Naka amini.